Injin ban-ruwan Baba ya daina ja: a sayo babba ko a haƙa rami?

Junaidu: Assalamu alaikum. Malamanmu da manyanmu na wannan zaure, ina roƙo a raba mu gardama ni da Baba, kuma a raba ta kafin ya kai ragunansa kasuwa. Muna da garka a fadamar Kwalkwalawa. An riga an cire albasa, saura tattasai da 'yar shinkafar rani. Rijiyar irin ta bututu ce da ake kafawa a fadama, injin kuma na fetur ne mai inci biyu. Tun Disamba yana aiki lafiya lau. Makon nan sai ya ɓullo da wani hali: a ɗura masa ruwa, a tayar, ruwa ya zo da ƙarfi kamar minti biyar, sannan mesa ta fara tari tana tofar da ruwa guntu-guntu, daga nan ta ɗauke ɗif. Inji kuwa yana ta kuka abinsa. Baba ya ce tsufa ne, zai sayar da raguna biyu ya sayo mai inci uku. Ni kuma na ɗaura kwalba a igiya na zura, na tarar ruwa yana mita 6 da 'yan kai daga bakin ƙasa. Na ce masa Baba, ruwa ne ya yi nisa, kuma a kwas ɗin fuluwid, wato darasin halayyar ruwa da iska, an koya mana babu injin da zai zuƙo ruwa daga sama fiye da mita goma, komai girmansa. Ya dube ni ya ce, "Kai da ba ka taɓa ɗaure mesa ba, kai ka hwaɗa min aikin inji? To shida ta kai goma?" Wallahi na rasa amsa. In iyakar goma ce, me ya sa ya gaza a shida?

Auwalu: Wa alaikumus salam. Baba ya ci ka da lissafin firamare, shida ba ta kai goma ba hhh. Ka bari ya sayi injinsa.

Malami: Junaidu, ka bi Baba sannu, shi ya san kayanai. Wanga zance na mita goma ni ban yarda da shi ba. Da hannuna nis sa inji gidan wani Alhaji nan Arkilla, bohol ɗin ta hi mita arba'in zurhi, kuma ruwa na hawa har tanki bisa bene. Ina mita goma tat tahi? Ƙarhi dai na. In inji na da ƙarhi shina jawo ruwa ko daga ina.

Luba: Oga Malami, wanda ka sa a Arkilla ai sumo ne, ko? Shi a cikin ruwan yake zaune can ƙasa.

Malami: Sumo na, awo. To mi ab bambanci? Inji inji na.

Luba: Bambancin kenan gaba ɗaya. Sumo turo ruwa yake daga ƙasa, kuma turi iyakarsa ƙarfin injin da ƙarfin bututu. Na su Junaidu a sama yake zaune yana jiran ruwa ya hau ya same shi. Har famfon tuƙa-tuƙa na ƙauye, in ka taɓa ganin an zare shi, za ka ga sanduna ne dogaye har ƙasa, abin da ke ɗaga ruwan yana nutse a cikin ruwa. Hannun da ake tuƙawa a sama sandar kawai yake motsawa.

Malam Attahiru: Luba ta fara daidai. Bari in ɗora, don wannan ita ce tambayar da nake fara yi wa 'yan aji uku kowace shekara, kuma kowace shekara rabin aji sai sun ce inji ne ke jan ruwa.

Ruwa ba igiya ba ne da za ka kama bakinsa ka ja. Abin da injin Baba yake yi shi ne fankar da ke cikinsa tana watsar da ruwan da ta samu waje, sai matsi ya ragu a bakin mesar zuƙa. Iskar duniya kuma tana danne da fuskar ruwan da ke ƙasa, dannawar da ba ma ji don a cikinta aka haife mu. Ita ce ke tura ruwan ya hau mesa zuwa inda matsi ya ragu. A bakin teku dannawar nan kilofaskal 101.3 ce, wato faskal 101,300 a ma'aunin matsi. Ku raba ta da nauyin ruwa, wato kilo 1000 a kowace mita kubik sau 9.81, lambar ƙarfin jan ƙasa, za ku samu mita 10.3. Iyakar tsayin ruwan da iska za ta iya tallafewa kenan, ko da inji ya kwashe iskar cikin mesa tas bai bar komai ba. In ka ƙara girman inji ba ka ƙara wa sararin samaniya nauyi ba.

Wanda ke shakka ya ɗauki bututun shan lemo ya huda shi da allura a sama da lemon, ya zuƙa. Kumatu za su gaji, lemo ba zai zo ba.

Abin da ke burge ni a tarihin nan, masu aikin hannu ne suka riga malamai sani. Galileyo da kansa ya rubuta a 1638 cewa wani mai gyaran famfo ne ya shaida masa ruwa ba ya zuƙuwa ya wuce wani tsayi. Shi Galileyo ya ɗauka ruwan ne ke tsinkewa saboda nauyinsa kamar igiyar da ta yi tsawo, kuma ya yi kuskure. Almajirinsa Toriceli ne a 1643 ya cika bututun gilashi da zaiba ya kifa shi, zaiba ta tsaya a santimita 76. Zaiba ta ninka ruwa nauyi sau 13.6. Ku buga 0.76 sau 13.6 ku ga abin da zai fito. Sannan a 1648 wani masani Bafaranshe mai suna Faskal ya sa surukinsa ya hau wani dutse a Faransa da irin wannan bututu, zaiba ta sauka da kimanin inci uku a ƙololuwa, don iskar da ke danne ta a can ta ragu.

Bashar: Allah gafarta Malam, ai kafin su duka Aljazari ya zana famfo mai zuƙa da turi a littafinsa na 1206. A riƙa faɗin namu su ma.

Malam Attahiru: Gaskiyarka Bashar, ya zana, a Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya ta yau, kuma aikinsa abin alfahari ne. Amma famfonsa ma wannan iyakar ta hau kansa. Iska ba ta duba sunan mai inji.

Junaidu: Malam, duk wannan na yarda, shi na faɗa wa Baba. Tambayarsa ce har yanzu ba a amsa ba. Shida ba goma ba ce.

Kawu Chika: Ɗana Junaidu, Malam ya ba ka na allo, bari in ba ka na fadama. Na yi shekaru ina bin rijiyoyin nan daga Wurno har Kware kafin in aje aiki.

Mita goman nan ka ɗauke ta kamar albashi. A takarda goma ce, amma kafin ta iso hannunka an yanke nan an yanke can.

Yankan farko, Sakkwato ba bakin teku take ba, muna kusan mita 300 sama da teku. Iskarmu ta ɗan fi sauƙi, don haka 10.3 ta koma kamar 10 cif.

Na biyu, ruwa yana tafasa a digiri 100 ne saboda iska na danne shi. In ka rage dannawar, tafasa yake ba tare da wuta ba. Ruwa mai ɗumin digiri 30 yana fara zama tururi da zarar matsi ya sauka zuwa kilofaskal 4.2, wato an sake cire maka kusan rabin mita. In ɗumin ya kai digiri 40, kamar ruwan da ya wuni cikin baƙar mesa a ranar Afrilu, abin da ake cirewa ya kai kashi uku cikin huɗu na mita.

Na uku shi ne babba, gogayyar ruwa da cikin mesa. Mu ƙaddara injinku na ba da lita 300 a minti, wato lita 5 a daƙiƙa. A mesa mai inci biyu, gudun ruwan ya kai mita 2.5 a daƙiƙa. Mesar zuƙa kuwa ka san cikinta gargada ne da ita saboda zoben da ke hana ta lotsewa. In tsawonta da bututun ya kai mita 10, ka ɗauki lambar gogayya 0.03, lissafin Dasi da Waisbak, wanda ake auna asarar gogayya da shi, zai ba ka asarar kusan mita 2. Ban sa gwiwar bututu ba, ban sa rariyar ƙasa ba in ta toshe da yashi.

Sannan ita kanta fankar tana da haƙƙinta, sai an bar mata ɗan matsi a bakinta kafin ta yi aiki da kyau. Shi ya sa mu a fili muke cewa daga mita 7 ka fara addu'a, a 8 ka tattara kayanka.

Amma duk wannan ba shi ne abin da ya kama ku ba. Kai ka auna ruwa inji na kashe. Ka ce ruwa na zuwa minti biyar sannan ya ɗauke. Wannan minti biyar ɗin ita ce amsar Baba. Da inji ya fara zuƙa, ruwan da ke kewaye da bututun yana sauka, don yashi ba ya sakin ruwa da saurin da inji ke kwasa. Shidan da ka auna tana iya komawa bakwai da rabi ko takwas inji na aiki. Can ta haɗu da iyakarta, sai tari. Ka kashe inji, ka sha shayi, ruwa ya dawo shida, ka zura igiyarka ka ce ai lafiya lau.

Junaidu: Kawu, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban taɓa kawo saukar ruwan a raina ba.

Malami: To Kawu, ko hakanan ne, mai inci ukku ba shi hi wanga ja ba? Ni dai na san babba babba na.

Kawu Chika: Malami, nan ne abin ya ke da ban haushi. Babban inji ruwa mai yawa yake nema. Rijiyar da ta kasa ciyar da ɗan ƙarami lita 300, in ka kawo mata mai neman ninki biyu, saukar ruwan ƙaruwa za ta yi, ya ɗauke cikin minti biyu maimakon biyar. Na ga wanda ya yi haka a wajen Gwadabawa, ya sayi sabon inji fil a kwali, kwana uku yana zagin mai shago, alhali inji lafiyarsa ƙalau. Abin da ke da amfani a cikin inci ukun mesar ce kawai. In ka bar ruwan a lita 300 ka faɗaɗa mesar zuƙa daga inci biyu zuwa uku, asarar mita 2 ɗin nan tana komawa kamar rubu'in mita. Sai dai in bututun da aka kafa a ƙasa shi ma inci biyu ne, ribar ba za ta kai haka ba.

Luba: Kawu, daga 2 zuwa rubu'i? Inci ɗaya kawai aka ƙara fa.

Malam Attahiru: Ki buga da kanki. In yawan ruwan da ke wucewa bai canza ba, asarar gogayya tana raguwa ne da faɗin bututu an ninka shi a kansa sau biyar. Uku bisa biyu 1.5 ne. 1.5 sau biyar a kansa ya ba da kusan 7.6. Da ninki biyu aka yi, daga rabin inci zuwa inci ɗaya, 32 za ki samu. Duk wanda ya riƙe wannan lamba ɗaya ya fi wanda ya haddace shafi goma bai san inda za su yi masa amfani ba.

Luba: To ai kun taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Gidanmu a Mabera shawa ba ta da ƙarfi, ruwa kamar hawaye. Mai gyaran famfo ya ce wa Inna tanki ne ya yi ƙarami. Aka sauke na lita 1000 aka ɗora na 2000 a kan ƙarfen nan dai. Kuɗi sun tafi, shawa tana nan jiya i yau. Na yi magana a lokacin aka ce yarinya ce.

Bashar: An ci kuɗin Inna. Matsi a ƙasan ruwa zurfi kawai ya sani, bai san faɗi ba. Nauyin ruwa sau 9.81 sau tsayi. In fuskar ruwan tankinku tana mita 2 sama da kan shawa, kilofaskal 19.6 kuke da shi, ko tankin ya kai girman ɗaki. Ku ɗaga ƙarfen, ko ku cire siririn bututun rabin incin da na tabbata shi aka ja tun daga tanki har banɗaki.

Auwalu: Ni fa wannan maganar tun aji biyu nake rubuta ta a jarrabawa ina ci, amma zuciyata ba ta taɓa yarda ba. Kana nufin madatsar Goronyo, da duk ruwan da ke bayanta, matsin da ke gindinta daidai yake da na siririn bututu mai tsayi ɗaya da ita?

Bashar: Daidai wa daida. Goronyo an gama ta a 1984 a kan gulbin Rima, an gina ta ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942. Amma in ka nutse mita 10 a gindin bangon, matsin ruwan da ke kanka kilofaskal 98 ne. Ka cika bututun inci ɗaya mai tsayin mita 10 a tsakar gidanku, ka sa ma'auni a ƙasansa, 98 ɗin za ka gani. Ruwan da ke can nesa da bango ƙasan tafkin ne ke ɗauke da nauyinsa. Shi ya sa ake yi wa madatsa gindi mai faɗi, sama siriri, don matsin yana ƙaruwa ne da zurfi. Yawan ruwan yana da nasa hatsarin, amma wannan ranar da ya samu hanya ne, kamar yadda muka gani a 2010 da ambaliya ta yanke hanyar jami'a.

Auwalu: Na ji. Zuciyar dai sai a hankali.

Malami: Ku 'yan boko kuna da daɗin baki. To ku amsa min wagga. In ina wankin mota, na danne bakin mesa da babban yatsa, ruwa na hita da ƙarhi har su kai bayan gareji. Tanki bai ɗaga ba, bututu bai canza ba. Ina ƙarhin yah hito? Ke nan matsewa na ƙara matsi.

Auwalu: Wannan mai sauƙi ce. Faɗin ƙofa sau gudu ba ya canzawa. Ka rage ƙofa, gudu ya ƙaru. Kuma masanin lissafi Barnuli ya ce inda gudu ya ƙaru matsi raguwa yake, don haka Oga Malami ka faɗi.

Luba: Auwalu, ba ka gama ba. Ka ɗauka ruwan da ke fita bai canza yawa ba, alhali ya canza. Ka gwada cika bokiti da yatsa a bakin mesa, ka gwada ba yatsa, ka ga wanne ke riga cika. Ni na gwada da agogon waya, buɗaɗɗiyar mesa ta riga nesa ba kusa ba.

Malam Attahiru: Luba ta kama bakin zaren, kuma Malami bai faɗi ba, rabin gaskiya na hannunsa. Wannan misali ana yawan koyar da shi a karkace.

In mesa a buɗe take, ruwa mai yawa ke gudu a cikinta, kuma kusan duk tsayin da tanki ya bayar gogayya ce ke cinye shi a hanya. Ya iso baki a gajiye. Da ka danne da yatsa, ruwan da ke wucewa ya ragu, gudunsa a cikin mesar ya ragu, gogayya ta faɗi warwas tunda da gudu sau gudu take tafiya. Sai matsin da a da ake asararsa a hanya ya iso har bayan yatsanka. Shi ne kake ji yana tura maka yatsa, Malami. A 'yar ƙofar da ka bari kuma wannan matsin ya rikiɗe ya zama gudu, nan ne maganar Barnuli ta 1738 ta shigo.

Amma akwai rufi. In fuskar ruwan tanki na mita 6 sama da hannunka, iyakar gudun da za ka samu shi ne tushen 2 sau 9.81 sau 6, wato lambar da in ka ninka ta a kanta za ta ba da wannan jimla, kusan mita 10.8 a daƙiƙa. Ka ɗaga mesar sama ka matse iya matsewa, tsirin ruwan ba zai taɓa wuce tsayin tankin ba. Gobe ka gwada a gareji, in ya wuce ka zo ofis in ba ka kujerata.

Malami: Kujera tana nan gare ka Malam, ni ba ni iya yini da ɗiyan mutane. Amma zan gwada. Mu dai abin da munka sani jak da birki. Yaro ƙarami na ɗaga tirela da jak.

Bashar: Ai Oga kai ne babban almajirin Faskal a zauren nan ba ka sani ba. Matsin da ka sa wa mai a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai. In ƙaramin fistin faɗinsa santimita 1 ne, babban 5, filin babban ya ninka sau 25. Ka danna da nauyin kilo 40, ya ɗaga kilo 1000, ban da taimakon doguwar sandar. Sai dai ana biya da tafiya: ƙaramin sai ya yi tafiyar santimita 25 kafin babban ya ɗaga 1. Shi ya sa yaron naka ke ta bugawa yana zufa mota na tashi kamar ba ta so.

Malami: Wanga gaskiya na. Kuma in iska tas shiga birki, ka taka ka ji shi laushi kamar burodi. Sai in sa yaro cikin mota in ce taka, taka, taka, riƙe! Ni ina ƙasa da sifana lamba takwas in kwance 'yar notin, mai shi hito da kumfa yana tsit-tsit, in ɗaure, in ce saki. Hakanan har kumfa ta ƙare ƙahwa ta yi tauri.

Malam Attahiru: To ka ga dalilin: iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa sai kaɗan ƙwarai. Takawarka tana ƙarewa wajen matse kumfa. Kuma wannan ta dawo da mu garkar su Junaidu, don iskar da ke lalata maka birki ita ce ke lalata zuƙa. Junaidu, kafin komai ka duba mahaɗar mesa. A ɓangaren zuƙa, huda ba ta zubar da ruwa balle ka gani, iska take sha a ɓoye.

Kawu Chika: Ƙwarai. Ga abin da za ka yi, kuma kada ka je wa Baba da sunan Toriceli, zai kore ka. Ka samo tsohon tiyub na babur ka yanka shi siri-siri, ka naɗe mahaɗar da kyau, ka shafe da laka mai danƙo. Inji na aiki ka kalli lakar, in ka ga tana lotsawa ciki a wani wuri, nan ɓarawon yake. Ka sa kunne a jikin gidan fanka kuma. In ka ji kamar ana wanke tsakuwa a cikin kwano, ruwan ne ke tafasa a bakin fanka, ƙwayoyin tururi na fashewa a jikin ƙarfe. In aka bar shi haka, ranar da aka buɗe za a ga fankar duk ta yi ramu kamar gara ta ci.

Ka rage masa wuta kaɗan. Manomi yana son ya ji inji na ihu, amma a irin wannan hali rabin wuta ya fi ba da ruwa, don rijiya na samun sararin cikowa.

In duk bai yi ba, ku haƙa rami a gefen bututun, zurfin mita ɗaya da rabi, ku yanke bututun ku saukar da inji ciki. Duk mitar da inji ya sauka, an cire ta daga zuƙa an mayar da ita turi, turi kuwa ba ya ba shi wahala.

Amma ku ji wannan da kyau, kai da duk mai karantawa. Injin fetur a rami yana tara hayaƙi mai kisa wanda ba shi da wari ba shi da launi. Ramin ya zama mai faɗin baki, a buɗe, a yi masa gangare kada yashi ya rufta. Kada kowa ya zauna ciki inji na aiki, kada a aiki yaro ya sauka ƙara mai. A kashe, a jira iska ta share, sannan a shiga.

Auwalu: Kawu, yanzu da za a kawo wannan a jarrabawa da sunan kabiteshan da tuni na fara zufa. Ashe wankin tsakuwa ne.

Luba: Malam, tambaya ta ƙarshe daga ni. Ruwan da ke cikin mesar nan, mai natsuwa ne ko mai hargitsi? Ina so in gwada lambar Renol, wadda ake bambance su da ita, da abin gaske.

Malam Attahiru: Gudu 2.5 sau faɗi mita 0.05, ki raba da kaurin ruwa, ɗaya bisa miliyan. Kin samu 125,000. Shi Renol da ya yi gwajinsa da zaren tawada a bututun gilashi a Mancesta a 1883, ya ga zaren na tafiya a miƙe ne in gudu kaɗan ne, in ya ƙaru sai ya watse. A lissafinmu na yau natsuwa tana ƙarewa wajen 2,000 da 'yan kai. Kusan duk ruwan da za ki haɗu da shi a bakin aiki mai hargitsi ne. Mai natsuwa sai dai baƙin mai a sanyin hunturu, ko ruwan da ke tsiyaya cikin yashin da ke ciyar da rijiyar su Junaidu.

Junaidu: Salam, na dawo da rahoto bayan kwana uku. Na naɗe mahaɗa da tiyub, na shafa laka, kuma lallai akwai inda ta lotsa, kusa da zoben ƙarfen. Bayan gyaran ruwa ya kai kamar minti ashirin kafin ya fara tari, da ƙarar tsakuwar da Kawu ya faɗa, na ji ta da kunnena. Na rage wuta, Baba ya zo ya mayar, na sake ragewa da ya juya baya. Jiya da asuba ni da ƙannena biyu muka haƙa ramin, ya kai min ƙirji. Muka saukar da inji, na ɗura masa ruwa da buta har ya tumbatsa ta saman, na ɗaure murfin, ja biyu ya tashi. Awa uku yana ba da ruwa bai yi tari ko sau ɗaya ba, mun shayar da tattasai duka da rabin shinkafa.

Baba yana tsaye a bakin rami da hannu a baya. Na ce Baba ka gani? Ya ce, "Mi nig gani? Rami? Tun kana goye muka gina ma inji rami in ruwa sun yi nisa. Mantuwa niy yi." Raguna dai suna nan a turke.

Malami: Hhhh Baba bai hwaɗi ba. Ni ma na gwada mesa jiya, ruwan ba su kai ko gindin tanki ba. Malam riƙe kujerarka.

Kawu Chika: Madalla. Amma Junaidu kada ka saki jiki, yanzu muke shiga Afrilu, ruwan ƙasa zai ci gaba da sauka har damina ta kankama. Ka riƙa zura igiyar nan duk Juma'a, sau ɗaya kafin a tayar da inji, sau ɗaya da zarar an kashe shi kafin ruwa ya farfaɗo, ka rubuta duka biyun da kwanan wata. In ka ga ta biyun ta kusa mita 7 daga inda inji yake zaune yanzu, ka faɗa min da wuri mu duba ko ƙara rami za a yi ko a fara maganar ƙaramin sumo mai sola.

Junaidu: To Kawu, in sha Allahu. Bututun namu inci biyu ne fa, sumo zai shiga?

Kawu Chika: Yawancin waɗanda ke kasuwa sai inci uku ko huɗu. Ka auno min cikin bututun daidai, ba bayansa ba, sannan mu yi magana.